Sunan Da Saude Ba Ta Amsawa

Sabo, Ibadan
Laraba

Zuwa ga ƙanena Manniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Jamilatu da yara kuna lafiya, shanu ma suna lafiya, tunda na san su ka fi so a fara tambaya. Mu nan sai godiya. Surukata Hajiya tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Wanda ya miƙo maka takardar nan ka san shi, ba sai na faɗa ba. Ɗan naka ne ya kwaso abokan aikinsa na gidan buga takardu a Mokola, wai sun zo hawan duwatsunku. Na tambayi ƙanwarsa Khaulat me aka ajiye musu a can sama, ta ce babu komai, motsa jiki ne da kallon ikon Allah. To ikon Allah dai har a tsakar gidanmu akwai shi. Mutum ya bar katifarsa, ya kwana a mota, don kawai ya je ya kwanta a ƙasa cikin sanyi, kuma ba wanda ya aike shi. Bara da suka hau na Idanre sai da ya yi mako yana tafiya kamar mai ciwon baya, bai daddara ba.

Ɗazu ya zo sallama ina tuyar dubulan ɗin bikin gidan Alhaji Salisu. Ya tsuguna a ƙofar kicin ya ce, "Yaya, gobe da asuba za mu kama hanya." Kai ka koya masa wannan Yayar tun yana rarrafe, ga shi ta bi ni har tsufa. Hajiya na zaune a tabarma tana kallonmu, sai na ce to, na juya dubulan ɗina. Ita ta sa masa albarka. Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya tashi.

Iya Wasiu, uwar abokin tafiyar tasa, ta zo ɗazu ita ma, ta tsaya a zaure tana ƙwala mini kira irin nasu na Yarbawa, da sunan nan da suke liƙa wa mace na ɗanta na fari. Na yi kamar ban ji ba, kamar kullum, har sai da ta ce Mama Khaulat. Na gaji da gaya mata cewa mu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Ta ce mu Hausawa mun iya wahalar da kanmu.

Akwai rigar sanyi da ƙullin dubulan a ƙasan jakarsa. In ya tambaya, Khaulat ce ta saka.

Ka duba mini mutumin da zai yi musu jagora, ya zama dattijo mai hankali. Ba wai damuwa na yi ba, yaran mutane ne a tare da shi.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Saude

*

Daga gindin dutse, gaba da Nguroje
Asabar

Zuwa ga Yaya Saude,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa irin ta ƙani mai biyayya, ko da yake kin ce ban taɓa yin ta ba. Shanu sun amsa gaisuwarki.

Yaran mutane sun iso lafiya, har da wanda ba na mutane ba. Yaya, Talha ya zama namiji, ya fi ni tsawo, kuma hancinki ne ya ɗauko sak. Na san kin tsallake layin nan, shi ya sa na sake rubutawa: hancinki ne.

Ni da kaina na rako su ƙauyen nan da ke gindin dutsen, dama ina da cinikin wasu bijimai a nan, zan jira saukowarsu. Jagoransu dattijo ne, a dutsen nan ya girma. Da safen nan suka hau, kowa da jaka a baya da sanda a hannu, suna ta ɗaukar hoto kamar masu tafiya Makka. In Allah ya so Talata ko Laraba suna ƙasa.

Da kin ga wurin da kin daina yi musu dariya, ko kuma ki ƙara. Dutse ne a bayan dutse har iyakar Kamaru, kore shar, ga kwazazzabai waɗanda in ka jefa tsakuwa ba za ka ji faɗuwarta ba. Abin da bai yi mini ba shi ne gajimare. A nan ba a sama yake zama ba, saukowa yake yi ya rufe mutum har ya kasa ganin tafin hannunsa. Ruwan bana kuma bai gama ɗaukewa ba. Amma dattijon ya ce ya san lokutansa.

Kira ba ya shiga a nan. In na hau tudun bayan makaranta, saƙo yana lallaɓowa. Ki riƙa rubutawa a takarda, Khaulat ta ɗauki hoto ta turo.

Ya ga rigar sanyin. Ya yi murmushi ya ce a yi wa Khaulat godiya.

Ki gaida Hajiya. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Manniru

*

Daga gindin dutse
Laraba

Khaulat,

Assalamu alaikum. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki nemi wuri ki zauna tukuna.

Abokan yayanki sun sauko ɗazu, shi ba ya cikinsu. Ran Litinin suna kan hanyar dawowa daga ƙololuwa ya ce su yi gaba kaɗan, zai yi alwala a wani rafi ya yi azahar ya cim musu. Kafin ya idar gajimare ya sauko. Wasiu ya ce sun yi ta kiran sunansa har muryoyinsu suka dushe, dutse ne kawai yake mayar musu da kiran. Da gari ya washe suka koma rafin, babu shi. Sun wuni nema ran Talata, abincinsu ya ƙare, dattijon ya ce dole su sauko a ɗebo mutane.

Yanzu haka mun tara matasan ƙauye da mafarauta, gobe da sassafe za mu hau. Wasiu ya ƙi komawa gida, sai kuka yake yi.

Ni na karɓe shi a tasha, ni na kawo shi nan.

Ki kai wa Hajiya maganar, ita ce babba a gidan. Yaya kuwa ban san ta inda ake gaya mata ba. Tunda aka haife shi ban taɓa yi mata maganarsa ba sai cikin wasa. Abin da Hajiya ta yanke shi za a yi.

Ku dage da addu'a.

Kawunki,
Manniru

*

Sabo
Laraba da yamma

Kawu,

Salam. Ina wuni. Ban ma san yadda zan gaishe ka ba, ka yi haƙuri.

Kawu, jiya Talata ya kira. Wallahi ya kira, bayan la'asar, a wayar Umma. Ka ga ke nan bayan ɓatansa ne, yana da rai.

Ga yadda aka yi. Gida cike yake da mata ana aikin dubulan ɗin biki, Hajiya na tabarmarta, ni ina shagon ƙofar gida. Matan sun ce wayar ta yi ƙara, Umma ta ɗauka ta kai kunne, da ta ji muryar waye sai ta miƙe hannu can nesa kamar wayar ta ƙone ta, ta ce a kira Khaulat ga yayanta. Kafin yarinyar da aka aika ta same ni, kafin in sallami mai sayen sabulu in shigo, ya katse. Na yi ta kira, a kashe. Lokacin ban kawo komai a raina ba, na ce sabis ne.

Kawu, mutum yana cikin daji shi kaɗai, Allah ya ba shi sabis, a duk duniya ya zaɓi uwarsa ya kira, ita kuma ta miƙa wayar saboda kada mata su ce ba ta da kunya. Abeg, don Allah wace irin kunya ce wannan? Da ta bar ta a kunnenta da yanzu mun san inda yake. Ina son Umma, amma yau ko kallonta ba na iya yi.

Bayan wayar ta katse, abin da kawai ta ce mini shi ne in tambaye ka ko baƙinka suna lafiya. Baƙinka fa, kamar 'ya'yan maƙwabta. Na tura maka, bai tafi ba sai yau.

Na gaya wa Hajiya a ɗakinta. Ta ja carbinta. Sannan ta ce kada wanda ya gaya wa Saude, ba a kai wa uwa maganar ɗan fari, balle irin wannan, kuma tana da hawan jini. Ta sa ni na je na ce mata ka ce sun sauko lafiya lau. Umma ta ce to madalla, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ka ga ko a jikinta.

Hajiya ta aika masallaci a yi saukar Alƙur'ani, ta ce a ce ta marigayi Baba ce. Ni kuma ina zaune a shago, duk mai jaka a baya da ya wuce sai gabana ya faɗi. Ɗazu na tsinci kaina a tashar Ojoo ina duba motocin arewa, alhali na san ba ta nan zai ɓullo ba.

Kawu, akwai namun daji a wurin? Ka gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ina jin tsoro sosai.

Allah ya taimake ku.

'Yarka,
Khaulat

*

Daga gindin dutse
Alhamis da magariba

Khaulat,

Wa alaikis salam. Na ga saƙonki da asuba kafin mu hau. Labarin kiran ya ƙara wa mutane ƙarfi, har mafarautan suka yi kabbara. Amma ba wanda ya san inda sabis yake kamawa a saman nan, kowa cewa yake bai taɓa samu ba.

Mun bi rafin da ya yi alwala har inda ya faɗa kwazazzabo. Mun sami gorar ruwansa a maƙale cikin saiwa. Ita kaɗai. Matasa biyu sun sauka ramin da igiya, ni ina sama ina riƙe, ina roƙon Allah kada su same shi a can. Ba su same shi ba. Ban san ko murna zan yi ba.

Kin ce in faɗi gaskiya. Akwai namun daji, amma ba su nake tsoro ba, sanyi nake tsoro. Ni da na kwana cikin ɗaki da bargo biyu haƙorana sai da suka kaɗa. Yau ma an yi ruwa.

Dattawan ƙauye mutanen kirki ne, sun bar gonakinsu saboda mu. Amma na ji suna magana ƙasa-ƙasa cewa in Asabar ta wuce sai a bar wa Allah, liman ya yi masa sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Na yi kamar ba na jin Fulatanci.

Kada ki riƙe uwarki a zuciya. Haka aka rene ta, haka aka rene mu. Sai dai ni ma da na karanta saƙonki na ce ina ma ta saurara.

Kawunki,
Manniru

*

Sabo
Juma'a

Manniru,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ta tsaya nan, ka karanta da sauri.

Da safen nan Iya Wasiu ta faɗo gidan nan ko sallama babu, ɗankwali a hannu. Ɗanta ya samu ya tura mata saƙo. Ta rungume ni a tsakar gida tana kuka tana ba ni haƙuri da Yarbanci, tana cewa Allah zai fito da shi. Na ce wa zai fito? Na juya, Khaulat ta rufe fuska, Hajiya ta sunkuyar da kai. A bakin baƙuwa na ji abin da ku duka kuka sani tun Laraba. Wannan maganar za mu yi ta, amma ba yau ba.

An ce maka ban ji komai ba. Wa ya tambaye ni?

Ran Talata da na ɗauki wayar ya ce, "Yaya, ki saurare ni, cajina ya kusa ƙarewa." Hannuna ne ya miƙe da kansa, kamar yadda ya saba tun yaron nan yana goye. Amma hannu kawai na miƙa. Na sa ɗaya hannun na janye itacen murhu don mai ya daina ƙara, mata suka ɗauka dubulan nake ceto. Muryar tana fitowa 'yar siririya, kuma ga abin da ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya ce ya zame ya faɗi, ƙafarsa ta dama ba ta takuwa. Ya ce yana cikin wata ruga da aka tashi, bukkokin sun rushe sai guda ɗaya, a ciki yake. A gaban bukkar akwai kwamin gishirin shanu guda biyu na itace, ɗaya ya tsage. Ruwa yana zubowa daga kan dutse ta wajen faɗuwar rana. Ya ce saƙo ya shigo wayarsa da Faransanci. Sai ya ce, "Ki gaya wa," daga nan ban ƙara jin komai ba.

Na buɗe baki in faɗa wa Khaulat duk wannan, ga Hajiya, ga mata sun zuba mini ido, sai abin da ya fito shi ne ta tambaye ka baƙinka. Na ɗauka yana tare da abokansa da dattijon, ciwon ƙafa ne kawai. Na shiga banɗaki da wayar na yi ta kira. Washegari aka ce mini ka ce sun sauko lafiya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kai goshina ƙasa, na daɗe ban ɗago ba. Ashe lokacin yana can kwance.

Faransanci, Manniru. Kai da kake kai shanu iyaka ka fi ni sanin me wannan yake nufi. Kuna nemansa ta gefenku, shi kuwa ya gangara ta bayan dutsen. Ka bar mafarauta, ka nemi makiyayan da suke hawa da shanu da rani. Wanda ya sassaƙa kwamin nan yana nan da ransa, ko ɗansa.

Khaulat ta nuna mini maganar Asabar. Ka gaya wa limamin nan ina gaishe shi da girmamawa, amma kada ya kuskura ya tayar da sallar nan.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, yau zan gaya maka. Tun ranar da ya tsuguna a ƙofar kicin nake jin tsoro. Na san takunsa tun daga bakin layi, na san in ya ci abinci a waje, na san tarinsa a cikin tarin mutum goma a masallaci. Duk abin da na sani nasa da kunne na san shi, don ba a bar ni na kalle shi ba, ni ma ban bar kaina ba. Yanzu ina kasa kunne babu komai. In yaron nan ya tafi yana zaton na miƙa wayarsa don ban damu ba, ban san inda zan sa kaina ba.

Rigar da ke jakarsa mai kauri ce, na zagaye 'yan gwanjon Mokola kaf kafin na same ta. Dubulan ɗin ma da yawa. Ina ta lissafa wa kaina wannan.

Ka tashi ka tafi. Allah ya yi maka jagora.

Saude

*

Gembu
Lahadi

Zuwa ga Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Takardarki ta shigo bayan an sauko daga Juma'a. Na tsaya a ƙofar masallaci na karanta wa jama'a abin da kika ji, na tsallake abin da yake namu. Wani makiyayi, Malam Usman, ya ce rugar kawunsa ce, sun tashi daga can shekarun baya, tana bayan dutsen ta gefen Kamaru. Ya ce mutum in gajimare ya rufe shi a rafin nan ya bi gangaren hagu maimakon na dama, can zai faɗa. Duk kwanakin nan gefen dama muke ta tonowa.

Asabar da asuba muka hau. Yaya, ni da nake yi wa yaran dariya, da rarrafe na ƙarasa wasu wuraren, ga rami a gefe wanda ba na son tunawa. Rana ta karkata muka fara jin zubar ruwa. Sai ga kwami biyu, ɗaya a tsage, kamar yadda kika rubuta. Ga bukkar. Wurin tsit, ko hayaƙi babu, wasu manyan tsuntsaye suna kewayawa a sama.

Kowa ya tsaya. Ta ƙofar bukkar ina hango hannun rigar sanyin nan a ƙasa, ba ya motsi. Malam Usman ya cire hularsa. Aka dube ni, don ni ne nasa, ni ya kamata in shiga. Wallahi na kasa shiga. Daga inda nake na kira sunansa. Shiru. Na sake kira. Wasiu ya durƙushe ya fara salati. Sai can muka ji wata 'yar murya ta ce, "Kawu, kun daɗe."

Ƙafar ta karye a ƙasan gwiwa, ta kumbura, ga zazzaɓi, leɓɓansa duk sun fashe. Da jan ciki yake zuwa bakin ruwa ya dawo. Dubulan ɗin ya riƙa gutsura kaɗan-kaɗan, ran Juma'a ya lashe garin da ya rage a leda. Muka ɗaura bargo a sanduna muka ɗauko shi, ta wata hanyar shanu mai sauƙi da Malam Usman ya sani. Yanzu muna asibiti a Gembu. Likita ya ce ƙafar za ta ɗoru, kuma ba don rigar nan ba da sanyi ya gama da shi tun daren farko.

Da safen nan ya sha kunu, bakinsa ya buɗe. Na tambaye shi abin da yake ta cin raina. Na ce kai da ka san halin Yaya, me ya sa ba ka kira ni ko Khaulat ba? Ya ce lambarki ce kaɗai ta zo masa. Na ce to da ka ji ta ce a kira Khaulat, ka san ta miƙa wayar, me ya sa ka ci gaba da zuba kai kaɗai?

Ya ce, "Kawu, tun ina ƙarami in ina ba Hajiya labari a tsakar gida, Yaya tana kicin ta juya mini baya, amma sai in ji ludayi ya tsaya. Ran nan ma ina fara magana na ji man ya yi shiru. Na san tana nan."

Ya ce abin da ya riƙe shi ke nan duk kwanakin. In tsoro ya taso masa sai ya ce Yaya ta ji, za a zo. Abin da ya kasa ganewa shi ne abin da ya tsayar da mu. Ban gaya masa ba tukuna. Ni da Hajiya da Khaulat muna da bayanin da za mu yi muku ku biyu, kuma ni zan fara.

Ya ce a sake yi wa Khaulat godiyar riga, a kuma tambaye ta yaushe ta san faɗin kafaɗarsa haka.

Wayata tana hannunsa, a nan sabis yana kamawa. Ban ce ki kira ba. Na dai faɗa miki.

Ki gaida Hajiya, ki ce ta ci abinci. Allah ya ƙara mana lafiya.

Ƙanenki,
Manniru

*

Sabo
Litinin

Assalamu alaikum.

Manniru, ka miƙa wa mai ƙafar, wannan tasa ce.

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ci duk abin da aka ba ka, ka bi maganar likita, kada ka taka ƙafar nan don ka ga ta daina zafi, na san halinka. Dutse kuma ka gama hawa, ko tudun Mokola sai a mota.

Rigar ba Khaulat ba ce.

Iya Wasiu ta zo barka ɗazu. Gida cike da mata, Hajiya na tabarmarta. Ta tsaya a zaure ta ƙwala kiran nan nata da ta saba. Na amsa.

Sai ka dawo. Ina sauraron takunka.

Iya Talha